Hoton da Na Ce Na Goge

Da ana warware aikin da mutum ya aikata kamar yadda tela ke warware ɗinki, akwai guda ɗaya da zan fara warwarewa. Na yi wa aminina ƙarya har sau biyu a kan hoto guda, sannan na ɗauki hoton na kai shi ƙasar da ba wanda ya san darajar matar da ke cikinsa. Sunana Sale, amma a ƙauyenmu da ke kusa da Tsanyawa ba mai gane ni sai an ce Sale Mai Hoto. A firamare na tsaya, don haka mai karatu ya yi mini uzuri idan zancen ya karkace.

Sana'armu tana da ƙa'ida a wajenmu. Mai hoto ba ya shiga gidan mutum sai maigidan yana gaba. A zamanin fim, idan ka wanke hoton mata sai ka miƙa shi tare da guntun fim ɗin, don kada a sake wanke wani. Da kyamara mai memori ta zo, sai ya zama bayan ka kawo hoton za ka zauna a zaure, ka nuna wa maigida, ka goge a gaban idonsa. Wannan ne ya sa ake barina in taka inda ba a barin wani namiji.

Malam Iliya abokina ne tun muna kiwon awaki. Wata rana da hantsi ya kira ni in ɗauki matan gidansu hoton katin rajista. Ina cikin kafa farin ƙyalle a jikin katanga, matarsa Hauwa tana ƙarasa shiƙar gero a gindin rumbu. Surukarta ta faɗi wata magana, Hauwa ta tuntsire da dariya, ɗankwalinta ya zame har kafaɗa, ƙaiƙayi na tashi rana na ratsa shi. Yatsana ya danna. Ba wanda ya lura.

Da na kawo hotunan katin, na goge su a gaban Iliya.

"Duka ke nan?" in ji shi.

"Duka," na ce. Alhali wancan ɗin na riga na mayar da shi kan wani memori.

Allah ya sani ba sha'awar matar mutum ba ce. Shekara talatin ina tsayar da mutane ƙiƙam kamar soja, ranar ce kaɗai na ga na ɗauki hoto mai rai. Girman kai ne na mai sana'a, kuma shi ma cuta ne.

Da damina ta zagayo Allah ya yi wa Hauwa rasuwa. Bayan 'yan watanni Iliya ya same ni a kasuwar Tsanyawa, ya ja ni gefe. Ya ce ɗan hotonta da ya rage a ɗaki gara ta cinye. "Sale, ko da kuskure, babu wani da ya saura a wajenka? Yaran nan suna tambaya." Na san idan na ce akwai, ƙaryar farko ta tonu. Na dubi idon mutumin da ya binne matarsa na ce babu.

Shekara bakwai bayan haka waya ta kashe mana sana'a. Kowane saurayi ya zama mai hoto, har a wajen suna sai ka ga ana tambayata me na zo yi. Wani ɗan koli ya ce mini a Ghana, cikin unguwannin Hausawa da ake kira zango, har yanzu ana girmama mai kyamara. Na haɗa albam na hotunan da ba laifi a nuna: 'yan kokawa, masu cirar gyaɗa, dillalan awaki, ɗaliban Islamiyya ranar sauka. Ba zan tsaya kan yadda na bar gida ba.

A bakin iyakar Seme aka fara koya mini karatu. Wani mai babur ya ce zai tsallakar da ni ba tare da wahalar jami'ai ba. Ya bi da ni ta wata 'yar hanya cikin ciyawa, ya ce in sauka in jira ya leƙo gaba, jakata tana ɗaure a bayansa. Har yau yana leƙowa. Fitilar kyamara da kayan sawata suka tafi. Abin da ya tsira shi ne kyamarar da ke rataye a wuyana cikin riga, da albam da na riƙe a leda, da memori a aljihun wando. Wata Bayarabiya mai tallar burodi ce ta gan ni tsaye kamar an dasa ni. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta, amma ta ba ni burodi, ta sa ni a gaba har bakin titi.

A Kwatano bakina ya mutu, don Faransanci suke yi. Wani Bazabarme mai sayar da albasa ya bar ni na kwana uku a rumfarsa. Kullum da safe sai ya ce, "Bakano, ka koma gida, wannan furfurar ba ta yawo ba ce." Da na ji.

A Lome na fara ganin teku, a nan kuma na yi asarar albam. Kwandasta ya ce ledata tana cin wuri, ya ɗaure ta a saman mota, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da muka tsaya na buɗe, hotunan sun manne da juna, fuskoki sun narke. Na zauna a kan yashi ina ɓare su ɗaya-ɗaya, ko guda ban tsirar ba.

Haka na shiga Akkra ba ni da abin nunawa. Duk shagon hoton da na shiga tambaya ɗaya ce: ina aikinka? Idan na ce shekara talatin da wani abu ina yi, sai a yi murmushi a ce in dawo. A masallacin unguwar da na sauka na haɗu da wani mutum mai suna Ɗanjuma, ɗan wajen shekara arba'in, mai tsafta da zaƙin baki, kullum da kwamfuta a jaka. Na ba shi labarin albam, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Baba, albam? Ko kakata ta daina kallon albam. Ruwan nan taimakonka ya yi. Yanzu shafi ake buɗe wa mutum a intanet, a jera aikinsa, mai biki yana kwance a gado zai gani ya kira ka. Kana da su a memori?"

Na ba shi. Ya sa a kwamfuta yana wucewa da sauri, yana taɓe baki. Sai ya tsaya cak.

"Kai! Baba, wannan fa?"

"Wuce shi, ba na nunawa ba ne."

"Wallahi duk sauran nan hoton kati ne. Wannan ne aiki. Kai ka ɗauka da hannunka? Ka san Turawa ma ba sa samun irin wannan hasken?"

A nan nake so mai karatu ya lura, don daga baya na so in ɗora wa Ɗanjuma laifin duka. Shekara bakwai ba wanda ya taɓa ganin hoton nan, ba wanda ya taɓa ce mini na iya. Yabon ya shige ni kamar ruwan randa. Da bakina na ce, "To, sa shi can ƙasa, ɗan ƙarami. Nan da gida ai da nisa."

Ya kwafe, ya miƙo mini memorina, ya ce in ba shi mako biyu.

Ina cikin jiran ne Allah ya haɗa ni da Hajiya Lami, mai shagon buga takardu da hoton fasfo. Haifaffiyar zango ce, kakanta daga Katsina ya zo fataucin goro. Hausarsu ba ta raba mace da namiji, har na yi kwanaki idan ta ce "ya zo" ina waigen namiji sai in ga mace. Ta zauna a kan kujera ta ce, "Ɗauke ni, Baba. In ka fito da ni kamar mai jin yunwa, ka kama gabanka." Na ɗauka, ta duba, ta ce, "To, ba laifi, ka rage mini shekara biyar." Ta ba ni lungu ɗaya a shagon da farin ƙyalle.

Na samu abin sawa a baka, amma zuciyata tana gida. Lokacin shuka ya yi ina kallon ruwa yana zuba a kan kwalta a banza. Nakan tuna ƙanshin ƙasa bayan ruwan fari, da yadda gonakinmu ke manne da juna har idan ka yi atishawa maƙwabci ya ce maka yarhamukallahu. Abincinsu na garin masara mai tsami ya ƙi zama a cikina. Ɗanjuma kuwa duk sanda na tare shi sai ya ce, "Ana kan aiki, Baba."

Wata rana da azahar ina cin tuwo a wata rumfa, wani mai fataucin shanu daga wajen Bichi ya ji Hausata ya matso kusa. Muka gaisa, muka yi zancen damina. Sai ya ciro waya.

"Malam, bari in nuna maka gida. Jiya aka turo mana a zaurenmu na waya. Dubi rumbun nan, wallahi irin na wajenmu ne."

Hauwa ce, ta cika fuskar wayar, kanta a buɗe. An rubuta sunan Ɗanjuma a gicciye a kan kafaɗarta. A ƙasa mutane sun yi ta rubutu. Wasu na yabon hoton, wasu na tambayar ko tana da miji, wani ya rubuta abin da ba zan maimaita ba a kan wuyanta. Matar da ke kabari. Lomar da ke hannuna na mayar cikin kwano.

"Lafiya, Malam? Ka san ta ne?"

"Su waye a zauren naku?" na tambaye shi.

"Mutanen gida mana. 'Yan Bichi, 'yan Tsanyawa, har na cikin birni."

Na tashi ko hannu ban wanke ba. Na sami Ɗanjuma a wani shagon aski. Ashe shafin da sunansa ya buɗe, Hauwa ce a ƙofar shafin, kuma da ita yake samun aikin biki.

"Baba, kai fa ka ce in sa."

"Na ce ƙarami, da sunana."

"Au, sunan ne damuwarka?" Masu aski suka kwashe da dariya. Ya ce ba zai cire ba, in je in kai ƙara inda na ga dama, wa zai yarda tsoho mai hoton fasfo ne ya ɗauki wannan.

Na koma shago na faɗa wa Hajiya Lami komai, ban rage ba. "Baba, ka yi abin kunya," ta ce. Sannan ta karɓi memorin ta sa a kwamfutarta. Ta nuna mini abin da ban taɓa sani ba: ashe kowane hoto yana ɗauke da ranar da aka ɗauke shi da irin kyamarar da ta ɗauka, a ɓoye a cikinsa. Ta buga wannan a takarda, ta yafa mayafi, ta ce mu je wajen dattijon da ke sulhunta mutanen unguwa, wanda suke kira Sarki.

Bayan la'asar aka taru a zaurensa, aka kira Ɗanjuma. Hajiya ta ajiye takardar, ta ajiye kyamarata a gefe. Ɗanjuma ya ɗan yi gardama, ya ga ba hanya, ya amsa cewa ba shi ya ɗauka ba. Har na fara jin sanyi a raina. Sai Sarki ya juyo gare ni.

"Malam Sale, mun yarda kai ka ɗauka. Matar nan 'yarka ce?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Matarka ce?"

"Matar abokina ce. Ta rasu."

"Allah ya jiƙanta. Mijin ya ba ka izini?"

Mutum kusan ashirin ne a zauren. Na ce, "Bai ma san da hoton ba. Ce masa na yi na goge."

Ɗanjuma ya tafa hannu. "To kun ji! Ɓarawo ne ya kawo ƙarar ɓarawo."

"Gaskiya ka faɗa," in ji Sarki, "kuma ka ƙirga kanka a ciki, mun gode. Buɗe na'urarka." Ya ce hoton ba na Ɗanjuma ba ne, ba nawa ba ne, na mamaciya ne da mijinta. Ɗanjuma ya cire shi daga shafin, ya goge daga kwamfuta da waya, Hajiya Lami tana tsaye a kansa tana cewa, "Buɗe can ma. Da wancan. Ni za ka yi wa wayo?" Mai shanun Bichi ma na neme shi, ya goge nasa, ya roƙi 'yan zaurensu su goge.

A hanyar komawa na ce alhamdu lillahi, an kashe wutar. Hajiya ta girgiza kai.

"Baba, mun rufe rijiyar ne kawai. Ruwan da aka riga aka ɗiba yana gidajen mutane. Ko yau ko gobe zai isa ƙauyenku. Ka zaɓa, ko mijin ya ji daga bakinka, ko ya gani a hannun wani."

Kwana biyu na yi ina neman wata dabarar, ban samu ba. Ita ta haɗa ni da wani direban babbar mota da zai je Legas, ta cusa mini ƙullin garin rogo da ƙuli-ƙuli. "In ka isa ka kira ni," ta ce, "in ji ko ya fasa maka kai."

Na sauka a Tsanyawa ana tsakiyar maimai, wato noma na biyu, gero ya kai ƙugu. Ban tsaya gida ba sai ajiye kyamara. Na sami Iliya a gonarsa shi kaɗai, ya sunkuya. Na yi sallama, ya ɗago, ya amsa, ya yi mini barka da zuwa kamar jiya muka rabu. Muka koma gindin tsamiya. Na durƙusa, abin da ban taɓa yi wa sa'ana ba, na fara tun daga ranar shiƙar gero. Bai katse ni ba. Yana ta kankare ƙasar jikin fartanya da tsinke.

Da na gama ya ce, "Yau kwana goma sha biyu da na gani."

Ya ajiye tsinken, ya ci gaba.

"Babban yaron nan da ke aiki a birni ya zo da shi a waya, wai Baba dubi Inna. Na karɓa na duba. Rumbuna ne, ni na yaɓe shi da hannuna. Na ce masa ba ita ba ce, mutane suna kama, ya goge kada ya tayar wa ƙannensa hankali." Ya dube ni a karo na farko. "Ka sa na yi wa ɗana ƙarya a kan uwarsa, Sale."

Ya mayar da ido kan fartanyar, ya ci gaba.

"Tun ranar nake jira. Na ce idan mutumin nan ya dawo ya zauna kusa da ni a masallaci ya yi shiru, to na bar wasiyya ko gawata kada a bar shi ya sallata." Ya yi ajiyar zuciya. "To ka zo. Tashi, ka tsufa da durƙuso, sai na ɗaga ka kuma."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ta ɓangaren buɗe kan nata, wannan tsakanina da ita ne da Allah, in yi ta yi mata addu'a. Nasa ɓangaren ya yafe, amma kada in sa ran zai manta da wuri. Sannan ya kau da kai wajen geron.

"A wayar yaron nan ban gan ta sosai ba, an rubuta sunan wani ƙato a kanta. Ka wanko mini guda ɗaya, babba. Yaran su san dariyar uwarsu. Zan kira babban in faɗa masa gaskiya."

Ranar kasuwa na wanko, na kai masa zaure a cikin ambulan. Bai buɗe a gabana ba. Na ciro kyamara zan goge a gaban idonsa yadda aka saba, ya ce, "A'a, wannan dannawar mun ga ƙarshenta. Kawo abin kansa." Na ba shi memorin, ya sa a aljihu, ya ce a kawo mana fura. Rabon da fura ta yi mini daɗi haka na manta. Da na fito na kira Hajiya Lami na ce mata kaina yana nan lafiya lau.

Ban ce komai ya koma yadda yake ba. Iliya yana gaishe ni, muna zama tare bayan sallah, amma ba a ƙara kirana cikin gidansa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Hoton ma ban san ko wayar wa yake ciki har yanzu ba. Sai dai ina barci, ina cin abinci, ina iya haɗa ido da mutumin, kuma ga wanda ya ɗauki wannan kaya shekara da shekaru, hakan ba ƙaramar ni'ima ba ce.

Ku da kuke yawo da waya yanzu, kuna jera aikinku a shafuka don duniya ta gani, ban hana ku ba, sana'a sai da nunawa. Roƙona ɗaya ne. Duk fuskar da za ku ɗora, ku je ku tambayi mai ita tukuna, in ya ce a'a ku haƙura komai kyan hoton. In kuma kun ce wa mutum kun goge, to ku goge. Don Allah kada wani ya bi hanyar da na bi.